Wasan neman ɓoyo da na'urar GPS: zai yiwu a Zariya kuwa?

Abu_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma na fi son in ji daga bakin iyaye 'yan uwana.

Yarana uku ne da suka tasa, babban shekararsa 13, autar 7. Ranar Asabar in sun dawo Islamiyya, daga azahar har magariba ba su da aiki sai rigimar wa zai riƙe wayar uwarsu. Watan jiya ina gyaran durowa na ci karo da tsohuwar na'urar GPS ɗina, mai nuna wa mutum inda yake da lambobi, Garmin eTrex 10, mai ruwan ɗorawa, wadda na yi aikin awon gonaki da ita shekarun baya. Na sa mata batir biyu, ta tashi. Sai na tuna da wani wasa da wani abokin aiki ya taɓa ba ni labari, wai shi jiyokashin. Mutum zai sami ƙaramar roba mai murfi, ya sa takarda da fensir da 'yan kayan wasa, ya ɓoye a wani wuri, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya sa a intanet. Wani ya kwashi lambobin, na'ura ta yi masa jagora, ya lalubo robar, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da ita yadda ya same ta. In ya ɗauki abu a ciki, sai ya ajiye wani a madadinsa.

Na gwada. Na ɓoye gwangwanin madara a kogon bishiyar mangwaro a bayan gidan wana a Samaru, na ba Khalifa na'urar, muka taka da ƙafa fiye da kilomita ɗaya. Kibiya tana nuna hanya, mitoci suna raguwa, yara suna ƙirgawa da ƙarfi. Autar ce ta gano shi. Wallahi rabon da in ga sun yi murna haka tun hawan sallah.

Tambayata: za mu iya haɗuwa, gidaje kamar goma, mu riƙa ɓoye wa juna a wurare irin dutsen Kufena da ƙofofin birni da bakin kogin Kubanni? Ko kuwa abin ba zai zauna a garinmu ba?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Abu Khalifa, ni ka gama da ni tun daga inda ka ce yara sun taka kilomita da ƙafa ba ƙorafi. A sa gidanmu a lissafi. Amma mu ba mu da na'urar, waya za ta yi?

DanTukurTukur:
Malam, ina ganin ba ka yi tunanin abu ɗaya ba. A garin nan in aka ga babban mutum ya tsuguna a gindin bishiya yana cusa gwangwani a kogo, me kake jin za a ce? Asiri za a ce ya binne. Kafin ka juya an tara maka jama'a, an kira mai unguwa. In kuma ba a ce asiri ba, za a ce wani abu ne mai fashewa, kuma ba za ka ga laifin mutane ba bayan abin da Arewa ta gani. Ni ban hana ba, amma wannan ba Amurka ba ce.

Safiyo_Kongo:
Bari in fara da amsa Maman Ilham, sannan in ba da tarihin abin don a san daga ina ya fito.

Hajiya, waya tana yi. GPS ɗin waya ba ya buƙatar data ko sabis don ya san inda kike, sigina yake karɓa kai tsaye daga taurarin ɗan'adam. Taswira ce ke cin data, ita ma ana iya sauke ta tun daga gida. Inda na'urar hannu ta fi waya shi ne juriya: eTrex 10 tana kai wajen awa 25 da ƙananan batir biyu, ruwan sama ba ya kashe ta, ana ganin fuskarta a tsakar rana, kuma in yaro ya yar da ita a kan dutse ba za ki yi asarar gilashi ba. Sannan babu TikTok a cikinta.

Tarihi kuwa, GPS na rundunar sojan Amurka ne. Taurarinsa suna yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zaga duniya sau biyu a yini, kuma na'ura tana buƙatar ta ji aƙalla huɗu kafin ta faɗi wuri. A da, da gangan suke gurɓata siginar da farar hula ke samu, kuskure ya kai mita 100. A farkon watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokitin roba ya ajiye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu, ya sa lambobin a intanet don ya gwada ko da gaske siginar ta gyaru. Cikin 'yan kwanaki mutane suka je suka samu. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da ake rajistar ɓoyon. Yanzu akwai fiye da miliyan uku a ƙasashe sama da 190.

Bazazzagiya:
To ai mu ma muna da namu. Muna yara a Ƙofar Gayan, kakarmu kan ɓoye mana goriba ko alewa a zaure ko bayan rumbu, ta ce wanda ya gano nasa ne. Bambancin kawai ita ba ta da tauraron ɗan'adam, sai dai ta ce "kun yi kusa" ko "kun yi nisa". Don haka ban yarda da cewa abin baƙo ne ba. Na'urar ce baƙuwa.

DanTukurTukur:
Anti, a cikin gida kakarku take ɓoyewa. Maganata a kan waje ce.

Malam_Sani_Hanwa:
DanTukurTukur yana da gaskiya, kuma na ɗanɗana. Shekara biyu da suka wuce na je duba wani fili da zan saya a bayan gari, ina riƙe da GPS ina zagaya iyaka ina danna lambobi. 'Yan sintirin ƙauyen suka tsare ni kusan awa biyu, sai da dillalin ya zo da wani dattijo da ya san mahaifina. Ban riƙe su a rai ba, mutanen sun sha wuya da masu leƙen asirin ɓarayin daji. Abin da na koya shi ne, duk wanda zai shiga wuri da na'ura a hannu, ya fara da gaisuwa a ƙofar mai unguwa. Kuma kada wanda ya kuskura ya yi wannan wasa kusa da Depot inda ake horar da sababbin sojoji, ko barikin Basawa, ko katangar kwalejin jiragen sama ta Palladan. Ko kusa.

Safiyo_Kongo:
Malam Sani, abin da ka faɗa yana cikin dokokin wasan ma. Ba a yarda a binne ba sam, duk abin da sai an yi tono kafin a ajiye ko a ɗauko, ba a karɓarsa. Dole a nemi izinin mai wuri. Ba a sawa kusa da barikin soja, filin jirgi, layin dogo ko makarantar yara. Ba a sa abinci, ba a sa wuƙa ko ashana. Tsakanin ɓoyo da ɓoyo sai an bar mita 161. Kuma kafin a wallafa, akwai masu aikin sa kai da ke duba lambobin. Su ma can ƙasashen an sha kiran 'yan sanda saboda an ga roba a maƙale, shi ya sa ake son roba mai garai-garai da ake ganin cikinta, a rubuta a jiki ko mece ce.

Ummu_Sadiq:
Ni damuwata ba mutane ba ce, macizai ne. Kogon bishiya da tsagar dutse ai nan ne ɗakin kunama da kububuwa. Ku maza za ku ce yaro ya zura hannu, mu ne za mu kwana a asibiti. Abu Khalifa, ya ka yi da wannan?

Abu_Khalifa:
Hajiya, gaskiya ranar farko ban yi tunanin haka ba, sai da matata ta yi min faɗa. Yanzu dokar gidanmu ita ce: sanda ce ke fara shiga, ba hannu ba. Kowa da takalmi rufaffe, kuma babba ne ke ciro robar, yaro nasa ya nuna da yatsa ya ce ga ta. Na biyu da na ɓoye ma rataye shi na yi da waya a reshe, daidai tsayin kaina.

DanTukurTukur da Malam Sani, na ji ku. To yaya kuke gani in muka bar maganar intanet gaba ɗaya, lambobin su tsaya a cikin zauren nan, kuma kowane ɓoyo ya kasance a hannun wani da ya san da shi? Misali a bayan shagon mai shayi da muka saba da shi, ko a gonar ɗan'uwa, ko wajen mai gadin wani gida. In an ga yara suna dube-dube, akwai wanda zai ce ya san zancen.

Baba_Wusasa:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Ni shekarata 68, na yi koyarwa shekara 35. Abin da ya fi damuna da jikokina shi ne ba su san garinsu ba. Na tambayi ɗaya ya lissafa min ƙofofin Zazzau, ya ce Ƙofar Doka ya tsaya, don nan ake sauke su a mota. Bai san Kuyambana ba, bai san Ƙofar Kona ba, bai san Jatau ko Galadima ko Bai ko Kibo ba. Muna yara mukan hau Kufena mu hango birni, a nuna mana inda ganuwa ta bi, a ba mu labarin Bakwa Turunku da 'ya'yanta Amina da Zariya wadda aka sa wa garin sunanta. Yau ganuwar tana zaizayewa, wani wurin an kwashe ƙasarta an yi gini, wani wurin ya zama juji.

In za ku yi wannan abu, ku yi shi da manufa. Kowace ƙofa a sa takarda mai ɗauke da labarinta da lambar ƙofa ta gaba. Yaro ya gama zagaye ya san garinsa da ƙafarsa. Ku kai su babban masallacin Juma'a su ga aikin Babban Gwani Mikaila na zamanin Sarki Abdulkarim, su ɗaga kai su ga yadda aka yi bakan gizo da ƙasa da azara. Ku kawo su Wusasa su ga tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929. Ni zan rubuta muku labaran in kuna so, hannuna yana rawa amma jikata za ta buga.

Sai dai sharaɗi ɗaya: kada a tona ko a soka komai a jikin ganuwa. Abin da ya rage mata kaɗan ne.

Bazazzagiya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ni kaina sai da na tsaya ina ƙirga ƙofofin da yatsa. Ni zan ɗauki Ƙofar Gayan, gidanmu na nan, ƙanin babana yana zaune a zaure kullum, a wajensa za a ajiye.

Safiyo_Kongo:
Abin da Baba ya kawo yana da suna a wasan, ɓoyo mai zango-zango: zangon farko ya ba ka lambar na biyu, har ka kai na ƙarshe inda robar take. Akwai kuma wani nau'i da aka fara a 2004 wanda babu roba sam, EarthCache. Lambobi za su kai ka wurin da ke da darasin duwatsu ko ƙasa, ka amsa tambayoyi a kan abin da idonka ya gani. Kufena ya dace da wannan ƙwarai. Dutse ne na giranit da ya tsaya shi kaɗai a fili bayan ruwa da iska sun cinye abin da ke kewaye da shi, kuma ana ganin yadda yake ɓarewa falle-falle kamar albasa. Ba abin da za a ɓoye, balle a ce asiri.

Yanzu gargaɗi na masu sana'a, musamman gare ka Abu Khalifa tunda ka ce awon gona ka yi da na'urarka. Shiga saitinta ka duba ma'aunin da take kai. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun filaye da yawa a kan ma'aunin Minna suke, wasan nan kuwa da wayoyi duk a kan WGS 84 suke. In taka tana kan Minna, wayar Maman Ilham tana kan WGS 84, lamba ɗaya za ta kai ku wurare biyu da ke da tazarar gomman mitoci. Za ta yi ta laluben katangar maƙwabci alhali robar tana can wani gida.

Na biyu, ku daidaita yadda ake rubuta lambar. A wasan ana rubuta digiri, sai minti da ɗigo da lambobi uku. Zariya tana kan digiri 11 arewa, digiri 7 gabas da 'yan mintoci arba'in, don haka waɗannan ba sa canjawa sosai, na ƙarshen ne ke motsi. Minti ɗaya ta arewa kusan mita 1,850 ce, ke nan lambar ƙarshe in ta ƙaru da ɗaya ka matsa kusan mita biyu. Ku sa yaro ya taka zuwa arewa yana kallon lambar tana hawa, ya juyo kudu ya ga tana sauka. Abin da malamin jogirafi zai yi wata yana bayani, a yammaci ɗaya zai shiga.

Abu_Khalifa:
Safiyo, ka cece ni. Na duba yanzun nan, a kan Minna take. Da yake ni na ɓoye kuma da ita muka nema, ban ga matsala ba. Na mayar.

Injiniya_Kabir:
Ƙarin bayani kaɗan. Ko an daidaita komai, na'ura ba za ta ɗora ka a kan robar ba. Kuskuren mita uku zuwa biyar abu ne na kullum, na mai ɓoyewa daban, na mai nema daban. A lungunan cikin birni inda katangu suka matse, ko ƙarƙashin manyan bishiyoyin Samaru, ya fi haka, don sigina tana bugun bango kafin ta iso. Mai ɓoyewa ya tsaya minti biyu ko uku a wurin kafin ya adana lambar. Mai nema kuma in ya ga saura mita biyar, ya sa na'ura a aljihu ya buɗe ido. Hazon hunturu ba ya hana ta aiki, kada wani ya damu da wannan.

Ɗalibar_Ilimi:
Don Allah ina da tambaya ta addini. Abin da yaro ya ɗauka a cikin robar, ba tsintuwa ba ce? Kuma musanyar da ake yi, in ya ɗauki abu mai tsada ya ajiye mai araha fa?

Malam_Sani_Hanwa:
Malama, a fahimtata tsintuwa ita ce abin da ya ɓace wa mai shi bai sani ba. Wannan kuwa mai shi ne ya ajiye da niyyar a ɗauka, ya kuma faɗi sharaɗinsa. Sharaɗin shi ne ka ajiye kwatankwacin abin da ka ɗauka ko wanda ya fi shi. A nan ma nake ganin tarbiyyar take: yaro shi kaɗai da roba, babu mai ganinsa sai Allah, zai ɗauki mota ya ajiye murfin kwalba ko kuwa? Amma a tambayi malamai, su suka fi mu sani.

DanTukurTukur:
To na sassauto, tunda an ce a hannun mutane za a ajiye. Amma ku faɗa min gaskiya, in ƙanin baban Anti Bazazzagiya yana zaune kusa da robar, yara suna zuwa za su gaishe shi, shi kuma zai nuna musu da ido don tausayi. Ina neman yake? Daɗin abin ai a ce babu wanda ya sani. In kuma an bar ta ba mai tsaro, 'yan jari-bola ko yaran unguwa za su ɗauke a kwana biyu. Roba mai murfi mai kyau ba ta kwana a waje a garin nan.

Maman_Ilham:
Sai a yi amfani da abin da ba wanda zai so. Tsohuwar robar magani da aka wanke, ko ta man shafawa. Takarda kawai a ciki a naɗe a leda saboda damina. Kyautar kuma ta kasance a wajen dattijon, yaro ya kawo kalmar da ya karanta a takardar sannan a ba shi. Kun ga an yi nema, an yi gaisuwa, an yi zumunci.

Ni wani abu nake so a tattauna: mu mata da 'yan mata fa? Ilham shekararta 14, babanta ba zai bar ta ta yi ta yawo a ƙofofin birni ba, ni ma ba kullum zan fita ba. Kada abin ya zama na maza da 'ya'yansu maza.

Ummu_Sadiq:
Wannan ita ce maganar. A ware wata Asabar ta iyaye mata, a yi a wuri mai shinge, kamar babbar gonar wani ko harabar gida mai faɗi. Mu ma muna so mu riƙe na'urar da hannunmu, ba a ba mu labari da daddare ba.

Baba_Wusasa:
'Yata, autar Abu Khalifa ce ta fara gano gwangwanin, kada a manta. Ina da gona a hanyar Kufena, da mangwaro da gwaiba da rijiya, an kewaye ta. Ku zo da safe, a gama kafin rana ta take. Amma hawan dutsen kansa, a bari sai an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon, a tafi da yawa, a sauko kafin la'asar.

Injiniya_Kabir:
Masu tambayar inda za a sami na'ura, kada ku yi gaggawar saye. Sabuwa tana da tsada yanzu saboda canji. Ku tambayi 'yan uwa da suka yi aikin safiyo, aikin gona ko haƙar rijiyar burtsatse, da yawa suna da ita a ajiye. In kun samu ku fara buɗe gidan batir, wanda aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Ina da guda ɗaya zan ba da aro. Kuma a zo da buhu, duk inda aka je a kwashe ledojin da ke wurin, masu wasan a ko'ina suna yin haka, kuma zai sa mutanen unguwa su sake da mu.

DanTukurTukur:
Har yanzu ba a amsa min ba. In wani a zauren nan ya tura lambobin zuwa wani zaure, aka san cewa ranar kaza yaran gidaje goma za su kasance a wuri kaza, wa zai ɗauki alhaki? Mu nawa ne a nan, mun san juna duka?

Abu_Khalifa:
Ba mu san juna duka ba, gaskiya ne. Ina ganin lambobin kada su shigo nan, a ba wa iyayen da suka zo da kansu a takarda, da safiyar ranar. Zan je in gaida Baba ranar Alhamis bayan la'asar in ga gonar, in ɗauki lambobin wurare huɗu. Safiyo, in kana da sarari ka zo da taka na'urar mu gwada su biyu a wuri ɗaya. DanTukurTukur, kai ma ina so ka zo, don abin da idonka zai gani mu ba za mu gani ba. Maganar ƙofofin birni kuwa, wa ya san masu unguwannin da za a fara gaisarwa?

Bazazzagiya:
Na Ƙofar Gayan ku bar min. Kuyambana sai dai wani.